Jarirai Uku a Shago na Tara

Mu a ƙauyenmu shaguna muke kiransu, ɗakunan nan da mutanen farko suka sassaƙa a jikin dutse suna ajiye matattunsu. Ƙofa 'yar ƙarama, sai ka durƙusa za ka shiga. Ammi Lahdar ya fi shekara talatin yana kai baƙi can. Ya nuna musu jan zanen bango, ya yi musu tsiya idan sun buga kai, a sauko a sha shayin na'ana'a. Amma shago na tara bai taɓa kai kowa ba. Kullum sai ya ce macizai ne a ciki. Ƙarya yake, mun sani, mun dai ƙyale shi da halinsa.

Mutum ne mai barkwanci, amma bai iya ɗaukar jariri ba. Ko jikarsa aka miƙa masa sai ya kai hannu baya, gumi ya keto masa.

Shekarar da Dakta Hela ta zo daga Tunis da masu tonon kayan tarihi, mu mata aka ɗauka tankaɗe ƙasa, wai hannunmu ya saba da rariyar kuskus. Duk ƙashin da ya fito a rubuta masa lamba, a sa a kwali, a tafi da shi birni. Ranar da aka shiga na tara, Ammi Lahdar ya zauna bakin ƙofa, ko burodinsa bai taɓa ba.

Na ce, “Ammi, macizan naka kake gadi?”

Ya ce, “Shadliya, bakinki ya fi rariyarki huji. Yi aikinki.”

Da hantsi aka fito da kwali. Na leƙa, na ga ƙasusuwa sirara kamar tsinken tsintsiya. Sai tsohon nan ya miƙe ya tare Dakta Hela.

“'Yata, kada ki sa mata lamba. Tana da suna, Zina. Ƙanwata ce.”

Ya ce lokacin yaƙin Jamus, da bama-bamai suka kori ƙauye, a shagunan nan aka ɓuya cikin ruwa da sanyi. Yana ɗan shekara bakwai. Uwarsa ta goya masa Zina ta tafi ɗebo ruwa. Ya yi ta jijjiga ta yana murna ta yi shiru, ashe ta daɗe da cikawa a bayansa. Ba hanyar zuwa maƙabarta, sai ubansa ya rufe ta a ƙasar da ta taru a na tara, ya rantsar da shi da uwarsa kada kowa ya ji an kwantar da 'yar Musulmi cikin mutanen jahiliyya.

Dakta Hela ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi.

“Ammi, tun da safe na ga ba na mutanen farko ba ne, da guntun bargon soja a jikinsu. Amma ba ɗaya ba ce. Jarirai uku ne.”

Sai Halti Mabruka, tsohuwar da ke tankaɗe kusa da ni, ta saki rariya ta fashe da kuka. “Ɗaya ɗana ne,” ta ce, “ko suna ba a raɗa masa ba.” Gidansu katanga ɗaya da na Ammi Lahdar, shekara hamsin suna gaisawa.

Na ukun, har yau babu wanda ya ce nasa ne. An yi cigiya a masallaci, tsofaffi suka sunkuyar da kai. Ni kam na ji haushinsu, na kuma ji tausayinsu.

Dakta ta yi ta zirga-zirgar takardu har aka bar mana ƙasusuwan. Ammi Lahdar ya roƙe ta ta nuna masa wacce ce Zina. Ta ce ba ta da yadda za ta gane, duk ba su kai wata uku ba. Aka yi musu salla, aka haƙa ƙananan kaburbura uku a jere.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Kowace Juma'a yakan je da buta ya yayyafa wa ukun ruwa, ya tsaya kan kowanne ya ce, “Zina, ki yafe mini.”