Mai Ɗaukar Sandar Majalisa

Baba Mai Sanda ake ce masa, har matarsa ma haka take kiransa in tana son tsokana. Aikinsa ke nan tun gashinsa na baƙi: ya goge sandar majalisa da farin ƙyalle, ya saɓa ta a kafaɗa, ya shiga zaure gaban shugaban majalisa, ya kwantar da ita a kan teburi. In babu sandar nan, to babu zama, ko da kowa ya hallara. Shi kuwa ba ya cewa uffan a zauren. Tsayuwa ce tasa, sai tunani, domin Allah ya yi shi mutum mai tafiya a zuci yana tsaye. Ana ta cacar baki, shi yana kallon hasken taga yana rarrafe a kan kujeru.

Autarsa ma'aikaciyar jinya ce a soja. Majalisa na hutu shugaban ƙasa ya tura dakaru ƙetaren iyaka, har da ita. Doka kuwa ta ce sai ya dawo ya nemi amincewar majalisa: in ta yarda a ci gaba da yaƙi, in ta ƙi a dawo da yaran mutane gida.

Da safen ranar zaman, yana ɗaura takalmi, ya gaya wa matarsa abin da zuciyarsa ke ta saƙa masa. Wai ya ga kansa ya saɓi sandar ya wuce ƙofar zaure, ya fita titi, ya hau bas da ita, ya zo ya tura ta ƙarƙashin gado. Ba sanda, ba zama, ba amincewa. Sai ga auta a bakin ƙofa da jakarta, tana cewa yunwa take ji.

"Kai, Malam!" in ji matar. "Da aka kwashe su, sandarka aka tambaya? In ba a zauna ba ma, wa zai ce a dawo da auta? Kai musu abarsu, ka roƙi Allah."

Ya kai. Wallahi bai taɓa jin nauyinta irin na ranar ba. Aka yi ta jawabai, wannan ya ce martabar ƙasa, wancan ya ce an raina majalisa. Can shugaban majalisa ya ce masu goyon bayan yaƙi su ce e. Zaure ya ɗauka. Ya ce waɗanda ba su yarda ba su ce a'a.

"A'a," in ji Baba Mai Sanda, da ƙarfi kuwa, shi da ba shi da ƙuri'a. Ba wanda ya ko waiwayo.

Aka buga guduma, masu e sun yi rinjaye. Kowa ya miƙe yana jiransa, don ba mai fita sai sanda ta fita. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya wuce gabansu yana tunanin da wane baki zai gaya wa uwar yarinyar.