Uwar Kekuna da Ƙafar Aro

Yayata ta ce in wata ya ƙare ba ta yi ɗinki ba, mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo ya kwashe kekunanta kaf ya kai a narkar. Ba barazana ba ce, don Yaya ba ta iya barazana ba. In ka ji magana ta fito daga bakinta, ta riga ta gama shawara da kanta. Har aika masa ta yi, ya zo ya leƙa, ya ɗaga keke ɗaya ya ji nauyinsa, ya tafi yana murmushi.

Sai wanda ya san ta zai gane girman wannan magana. A layinmu Uwar Kekuna ake ce mata. Ta fara ne da keke ɗaya na ƙafa, tana yi wa 'yan makaranta gyaran kaya. Wata rana ta shiga gidan maƙwabta ta ga an tokare ƙofar bayan gida da kan tsohon keken ɗinki, tsatsa ta cinye shi. Ta roƙa aka ba ta, har ana yi mata dariya. Tun daga nan ciwon ya kama ta. Duk inda ta ji an mutu an bar keke, ko tela ya koma na lantarki ya jefa tsohon a lungu, sai ka gan ta ta dawo da shi a baro, tana tafe tana yi wa mai baron faɗa kada ya shiga rami.

Yadda take wanke su kuwa abin kallo ne, in kana da haƙuri, ni dai ba ni da shi. Ruwa da sabulu ba sa zuwa kusa, wai suna cinye furannin ruwan zinaren da ke jikin baƙin fentin. Man keke take ɗigawa a auduga ta bi jikin a hankali. Cikin kuma kananzir da tsohon buroshin haƙori, tana zaƙulo dunƙulen zare da karyayyun allurai na matan da suka daɗe a ƙasa. In ƙafar keken ta cije ba ta murɗa ta da ƙarfi. Sai ta ba shi mai ta ajiye shi a rana, gobe ta ƙara, jibi ta ƙara, har ranar da zai juya don kansa. Ni da ita ta raina ban taɓa samun rabin wannan lallashin ba, na kuwa faɗa mata.

Ba don ado take tara su ba. Kowanne sai ya ci abincinsa. Tana zagaya shagunan teloli ta kwaso ƙyallayen da suka zubar, ta wanke, ta goge, ta yanka, ta harhaɗa su su zama shimfiɗa guda. Sai ta sa auduga a tsakiya, ta rufe da wani zane ta ƙasa, ta bi duka da layukan ɗinki har ya zama bargo mai nauyi. Akwai keken da ya iya siririn yadi, akwai wani ƙato mai muryar injin niƙa wanda shi kaɗai ke iya huda bargon in ya haɗu. Babu jaririn da aka haifa a danginmu da bai yi fitsari a bargon Yaya ba.

Mijinta direban babbar mota ne. Rabin zaman aurensu yana kan hanya, in ya dawo kuma ƙwaurinsa ne ke gaisawa da ƙafafun kekuna a falo, a ɗaki, har a hanyar kicin. Da ya ajiye tuƙi sai ya koma ƙofar gida da kujerarsa da rediyo. Direba nake ce masa har yau, shi kuma ya ce mini Rediyo Mai Jini.

Sai ciwon baya ya kwantar da Yaya. Ta tashi, hannuwa lafiya, ido lafiya, baki ma lafiya ƙalau, amma ƙafafun sun mutu. Tana iya jan su da sanda zuwa kujera, ba sa iya taka fedar keke.

An gwada dabaru. Tana da kekunan hannu, amma bargo hannu biyu yake so, ɗaya na ja ɗaya na tarewa. Da ta saki hannu ɗaya don ta juya mariƙi, nauyin bargon sai ya ja kansa ƙasa allura ta karye. Babban ɗanta ya kawo injin lantarki aka ɗaura wa ƙaton keken, aka yi mata maɓalli a gwiwar hannu. Abin ya fizge bargon da gudu ya tattare shi kamar tsumma. Ta sa aka cire a ranar.

Sai ni na ce zan ara mata ƙafa. Muka zauna a benci ɗaya, ni ina takawa, ita tana riƙe da bargo. Ni ma na iya ɗinki, ashe nan matsalar take. Ƙafar tela idonsa take bi. In na hango kwana sai ƙafata ta rage gudu da kanta, alhali ita ba nan za ta juya ba. In ta ce tsaya, ni na ga saura kaɗan a kai ƙarshen layi, sai na ƙarasa.

"Ke na ce ki tsaya!"

"Yaya, ai ba a kai ba."

"Bargonki ne ko nawa?"

Muka rabu baram-baram. Washegari ne ta aika wa mai ƙarafa. Na ce ta ba mutane kyauta mana. Ta ce ta sani, teburin ɗora furanni za su yi da su, gara wuta. Na ce to ta bar su ta riƙa kallo. Ta ce, "In zauna ina kallon su suna kallona? Ba zan iya ba." Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ba kekunan kaɗai take shirin fitarwa daga gidan ba. Ta daina tsefe kai, ta daina yi wa kowa faɗa.

Ana cikin haka wata safiya na shigo na tarar da Direba a kan bencin, ya naɗe ƙafar wando, ya cire takalmi. Yaya na gefe a kujera ta haɗe rai.

"Fedar me ce ban taka ba a duniya?" in ji shi. "Uku nake takawa a lokaci guda, da kaya har sama."

Ya ɗora ɗan yatsan ƙafa ya danna kamar totur, ya riƙe. Keken ya yi rabin juyi ya tsaya. Ya ƙara dannawa, keken ya juya da baya, zare ya cukurkuɗe a ƙoshiya ya tsinke.

"Au, ribas ya shiga. Ina giyar take?"

"Ba giya. Yatsu ka danna, sannan diddige. Gaba da baya."

"To birkin fa?"

"Ni ce birkin," in ji Yaya.

Na yi dariya har na riƙe ciki. Amma ya dawo washegari, ya sake dawowa. Yaya ta cire allura da zare ta bar shi yana taka keke fanko, kamar yadda ake yi wa sabon ɗan koyo. Mutumin da ya yi shekaru ba wanda ya isa ya nuna masa hanya, ga shi yana zufa ana ce masa ƙafarsa ta cika gaggawa. Sau da yawa ya tashi cikin fushi ya koma wajen rediyonsa. Kafin shayinsa ya huce sai ka ji ƙarar feda kuma.

Abin da ya gagare ni shi ya zo masa da sauƙi, don bai san komai a ɗinki ba. Da aka mayar da allura, ba ya ma kallon bargon. Bango yake kallo, kunnensa na wajenta. Ta ce taka, ya taka. Ta ce sannu, ya sassauta. Matsalarsa ɗaya, in ya ji keken ya ɗauki sauti mai daɗi sai tsohon hali ya motsa ya ba shi wuta. Yaya ba ta yaba ba, ba ta kuma aika a ce wa mai ƙarafa ya fasa ba.

Ranar da wata ya ƙare na zo da wuri, don ban yarda a kwashe su ba na nan ba. Na same su a bencin nan da bai ishi mutum biyu ba, kafaɗa na gugar kafaɗa, ƙafafunta a ajiye gefe, nasa a kan feda, bargo ya rufe musu cinya. Suna tsakiyar dogon layi mai ƙarafa ya yi sallama a ƙofa, na ji ƙarar kurar da yake ɗaukar kaya da ita. Direba ya ji shi ma. Ƙafarsa ta fizga, Yaya ta ce tsaya, ya tsaya cak.

Ta ɗaga allura, ta jawo bargon kusa da fuska, ta bi layin da ɗan yatsa tun daga farko. Ta juya bayansa ta duba. Direba ya ƙura wa bango ido, gumi na bin wuyansa, ni kuma ina tsaye da labule a hannu ban san me zan ce wa mutumin waje ba.

"Nan ya karkace," in ji ta. "Inda ka yi gudu. Wannan ba zai fita daga gidana haka ba."

Direba ya sunkuyar da kai ya fara laluben takalminsa da ƙafa.

"Ina za ka? Miƙo mini reza a aljihun teburin nan. Yau kwancewa za mu yi, gobe da safe mu sake shi." Ta ɗago ta harare ni. "Ke kuma kin tsaya kin saki baki. Je ki ba bawan Allahn nan haƙuri, ki ce babu kaya."

Na fita na sallame shi. Da na dawo tana tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa Direba faɗa ya riƙe mata gefen bargon da kyau. Ya riƙe da hannu biyu, hawaye na sauka cikin gemunsa, ba hannun da zai share.