Na Sa 'Yata Ta Ba da Mabuɗi, Aka Kulle Muryar Mahaifinta

Damina ce mai nauyi a waccan shekarar, irin wadda shanya ke wuni ta kwana a igiya ba ta bushe ba. Kwatocin Sabon Gari sun cika sun tumbatsa, gishiri ya narke a gwangwani, komai na gidanmu ya yi sanyi ya yi laushi. Ni a lokacin mace ce mai 'yar rumfa a kasuwar Sabon Garin Zariya, ina sayar da manja da garin rogo. Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na gama haihuwa na shiga ajin yaƙi da jahilci da matan cocinmu suka buɗe, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna, har yau da yatsa nake bin layi. Ba zan kama sunan kowa ba. Na rubuto ne saboda na ga iyaye irina da yawa waɗanda 'ya'yansu ke aikin kwamfuta, kuma ba su san inda ramin yake ba, kamar yadda ni ma ban sani ba.

Maigidana tsohon akawu ne a tashar jirgin ƙasa, kuma shekara da shekaru shi ke yin karatu a coci ranar Lahadi. Allah ya yi masa murya, mai kauri, mai natsuwa, ko na kujerar baya ba ya cewa a maimaita. Sai ciwon ido ya shigo ya riƙa cin ganinsa a hankali har ya cinye. Bai taɓa kukan rashin fita ba, rashin karatu ne ya dame shi. Ni nake ɗaukar jarida ko Maganar Allah in karanta masa, ina yi ina tuntuɓe, shi kuma yana ƙarasa mini jimlar da ka. Yakan tsokane ni ya ce Malama, jirgin kaya da ke tsayawa kowace tasha ma ya riga ki isa. In ce masa to ya sauka ya hau wani, ya ce ai tikitinsa na wannan jirgin ne har ƙarshen layi.

'Yarmu ta fari tana karatun kwamfuta a Samaru, ta kama ɗaki a can, sai ƙarshen mako take zuwa gida. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa Uwata yake kiranta. Wata Asabar ta sa masa wata manhaja a waya mai karanta wa makafi rubutu. Ta ce kyauta ce, ba mai ita, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗa hannu suka gina, kuma an bar cikinta a buɗe don duk mai iyawa ya duba, ya gyara, ya ƙara. Turanci kam tana zuba shi tiryan-tiryan. Da aka ba ta Hausa, sai maigidan ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan ai Baturen mishan ne ya kurɓi kunu mai zafi. Yarinyar ta ce ita za ta koya mata Hausa, amma sai an sami wanda zai ba da muryarsa, ya faɗi jimloli masu yawan gaske a naɗa. Ya gyara zama ya ce Uwata, ga mai murya zaune ba aikin fari ba na baƙi.

Haka Asabar ɗinmu ta koma. Mu rataya barguna a taga da ƙofa saboda ƙarar injin niƙa da hon ɗin masu keke Napep, ita ta faɗi jimla, shi ya maimaita a gaban kwamfutarta. In ruwa ya sauko a kan kwano dole a dakata. Kaftaninsa na Lahadi yake sawa, har da hula. Na ce masa wa zai gan ka, ya ce mutum ba ya shiga gidajen jama'a da singileti, shi kuwa muryarsa za ta shiga ɗakunan makafin da bai taɓa sani ba. Wani lokaci ya ce daɗin abin, a ƙarshe zai sami mai yi masa karatu yadda ya kamata, wato shi kansa. Tun da ya makance ban ga abin da ya tashe shi tsaye kamar wannan aiki ba. Sun yi watanni suna yi, saura ƙiris a gama.

Ana tsakiyar damina aka kawo wuta da ƙarfi wata rana, kwamfutar tana jone, ta ƙone ƙurmus. Ni na ɗora hannu a ka, ita ko a jikinta. Ta ce Mama ki kwantar da hankalinki, duk muryar Baba tana ajiye a wani rumbu a intanet inda masu irin aikinsu na duniya ke ajiya. Ta ce kowa yana da ɗakinsa a ciki da kalmar sirrinsa, kuma nata ɓangaren ta bar shi a rufe tukuna, sai ta gama ta gyara sannan ta buɗe wa kowa. Na yi hamdala na manta da zancen.

A nan sai na faɗi wani abu game da gidanmu. Tun da muka zo Sabon Gari ba mu taɓa tafiya da mabuɗi ba. Ƙarƙashin turmi muke ajiye shi, kuma duk danginmu na ƙauye sun san wurin. Wanda ya sauka a tasha, ko muna kasuwa ko muna coci, zai buɗe ya shiga ya sha ruwa ya kwanta. Haka na tashi na gani a wurin yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta aurar da ni da hannunta. Ɗanta ya sami tallafin karatu a wata ƙasa mai nisa wadda Amurka ta sanya wa takunkumi. A cikin wannan daminar ta kira ni hankali a tashe, ta ce yaron yana shekarar ƙarshe, an rufe masa ɗakinsa a wannan rumbun kamar yadda aka rufe wa mutanen ƙasar, ba shi da inda zai haɗa aikin kammala karatunsa da abokansa. Ta ce ƙanwarsa, wato 'yata, ta ara masa nata na ɗan lokaci mana.

Da na faɗa wa 'yata, ta ce a'a. Ba ta taɓa ce mini a'a kai tsaye ba sai ranar. Ta ce Mama, wannan ba mabuɗin ƙarƙashin turmi ba ne, masu rumbun suna ganin daga ƙasar da mutum ya shigo. Na ce ba ke kika ce abin na kowa ne ba. Ta ce ruwan rijiyar na kowa ne, amma rijiyar a cikin gidan wani take, kuma mai gidan yana ƙarƙashin dokar ƙasarsa. Ban gane ba, gaskiya kuma ban so in gane ba. Mahaifinta ya ce in bar yarinya, ta fi mu sanin aikinta. Ni ba mai faɗa ba ce, ban ɗaga murya ba. Cewa kawai na yi matar da ta goya ni ba ta taɓa roƙona komai ba sai yau, kuma zan je in gaya mata abin da na haifa ya hana. Na ci gaba da tsintar shinkafata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki waya ta tura wa ɗan yayata kalmar sirrin. Yanzu na san magana mai sanyi ta fi tsawa nauyi, don tsawa ana iya mayar mata da martani.

Ba a daɗe ba, ranar wata Laraba, sai ga ta a rumfata a jiƙe sharkaf, ta hawo keke daga Samaru cikin ruwa. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce Mama sun kulle. Ta zauna a kan jarkar manja ta yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa yaro. Ta ce a dokar Amurka, inda masu rumbun suke, manhaja ma kaya ce, in ta tsallaka zuwa wata ƙasa kamar an fitar da kaya ne, kuma akwai ƙasashen da aka hana kamfanonin Amurka yi wa hidima. Abin da aka riga aka buɗe wa duniya yana nan kowa na gani, amma ɗakin da ke rufe, in suka ga an shige shi daga irin waɗannan ƙasashe, sai su sa masa kwaɗo. Ni da na san kwastan da buhun shinkafa, sai a lokacin na gane, ashe akwai iyaka da shinge a inda ido ba ya gani. Na tambaye ta laifin me muryar tsoho makaho ta yi wa gwamnatocin da ke rigima. Ta ce ba ruwansu da abin da ke ciki, ƙofar kawai suke kallo. Aikin ɗan yayata ma ya tafi tare da namu.

Ta nemi a buɗe mata. Suka ce ta nuna shaidar a Najeriya take, ta nuna. Suka tambayi wanda ya shiga daga can, ta faɗi gaskiya, domin a kan gaskiya muka tarbiyyantar da ita. Daga nan sai a ce ana dubawa, ana dubawa. Abokan aikinta na ƙasashen waje sun sa baki, ba abin da ya canza. A nan ne ma ta gano cewa wata baiwar Allah da ta fi kowa taimaka mata, wadda ta yi ɗif kwanakin baya har 'yata ta ɗauka gajiya ta yi, ashe ita ma kulle ta aka yi saboda ƙasar da aka haife ta.

Za a ce me ya hana mu sake naɗa. Mun yi niyya. Amma ba kwamfuta, ga jarrabawa a kanta, ga kuma sa rai cewa gobe za a buɗe. Muna cikin gobe-gobe, ruwa na shirin ɗaukewa, maigidan ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Muryar nan da ke cika coci ta koma sai na kai kunne bakinsa. Duk da haka kowace Asabar sai ya sa in saka masa kaftanin, in ya ji motsin yarinyar ya tambaya, Uwata, an buɗe? Ita kuma ta ce saura kaɗan Baba. Wata rana da muka rage mu biyu na ce ya yafe mini. Ya lalubo hannuna, ya daɗe yana haɗa kalmomin, ya ce ni na ba da mabuɗi don zumunci, su sun kulle don doka, shi kuma dama aron muryar aka ba shi. Da kaka, ana shigo da sabuwar masara kasuwa, Ubangiji ya karɓi abinsa. Bai ji wayar ta yi masa karatu da muryarsa ba ko sau ɗaya.

Har yau ba a buɗe ba. Muryar mijina tana nan a wata na'ura, a ƙasar da ban taɓa gani ba, lafiyarta lau, an dai hana mu ita. Abin da ya rage mana ɗan guntun bidiyon wani biki ne inda yake addu'a, ganga ta danne rabin maganar. Ɗan yayata ya kira yana kuka, na ce ya yi shiru, shi ma wanda aka rufe wa ƙofa ne. 'Yata ba ta taɓa ce mini ke kika ja ba. Ta dai daina zuwa ranar Asabar, sai Lahadi bayan coci, ta gaishe ni ta koma Samaru. Wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Abin da na koya, 'yan'uwana iyaye, ba cewa zumunci laifi ne ba. Har gobe mabuɗina yana ƙarƙashin turmi. Amma ba kowace ƙofa ce tamu ba, ko da an ce mana abin da ke ciki na kowa ne. In ɗanki ya ce miki wannan abu akwai haɗari a aikinsa, kada ki auna shi da mudun gidanku, kada ki sa shi zaɓa tsakanin saninsa da albarkarki. Ku kuma yara masu wannan aiki, abin da ba za a iya sake yi ba, kada ku bar shi a rumbun wani kaɗai, ku ajiye kwafi a gida. Rigimar manyan ƙasashe ba ta san sunanka ba, amma tana iya biyo waya ta same ka har cikin ɗaki a Sabon Gari. Kuma in tsoho yana da abin da zai bayar, a karɓa yau.

Da damina ta zagayo, wata Juma'a da yamma sai ga 'yata da kwamfuta ta hannu a jaka. Ta ce za ta fara daga farko, wannan karon a buɗe tun ranar fari, da ajiya a gida. Ta ce murya ce babu. Tana maganar tana kallon ƙasa. Na ce ta san jirgin kaya ne ni. Ta yi 'yar dariya, ta farko da na ji tun rasuwar, ta ce Baba ai bai taɓa sauka ba.

Washegari ban je kasuwa ba. Na rataya bargunan a taga da ƙofa, na ɗaura zanena na zumuntar mata, na zauna a kujerarsa. Ta ce za ta riƙa faɗa ina maimaitawa kamar yadda suke yi, na ce a'a, ta miƙo takardar. Hadari ya haɗu amma ruwa bai sauko ba tukuna. Na ɗora yatsana a kan layin farko, na fara karantawa.