Akawu da Maɓallin Shara

Shekara talatin da ɗaya Akawu ya yi a ofishin makarantar, har ɗalibai ba su san yana da wani suna ba. Ofishin ɗan ɗaki ne tsakanin na hedimasta da ɗakin malamai: taga ɗaya, kabad biyu na ƙarfe, da fanka mai kuka kamar ana matsa mata. Da tafireta ya fara aiki, yana sa takardar kabon uku uku. Abin da kowa ya san shi da shi tsabta ce. Bai taɓa tashi ya bar takarda a kan tebur ba. Matarsa takan ce ko wasiƙar da ya fara rubuta mata sai da ya ajiye kwafi a fayil, kuma bai taɓa musantawa ba.

Da kwamfuta ta zo ya yi mata kallon raini na wata biyu, daga baya ya iya ta fiye da malaman da ke masa dariya. Shekaru biyu da suka wuce makarantar ta yi adireshin imel nata na kanta, mai ɗauke da sunanta. Guda ɗaya ne tak, kuma a hannun Akawu yake. Malamai goma sha huɗu kuwa kowa da nasa na kyauta, na wani babban kamfani da rabin duniya ke amfani da shi. Duk sanarwar da za ta fita, sai Akawu ya tura wa kowane malami kwafi, ya tura wa kansa ma a nasa adireshin na kyauta, don ya ga ta isa.

A bana ne wata ɗalibar makarantar, 'yar wata mai ɗinki, ta nemi gurbin karatun likita a wata hukuma. Ita ta zo ta ɗaya tun daga aji ɗaya har ta gama, kuma bana ce shekararta ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun haura abin da hukumar ta gindaya. Ta cike komai, saura wasiƙar shaida daga makaranta. Sharaɗin shi ne lallai ta fito daga adireshin makarantar, ta isa kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a. Akawu ya buga ta ranar Litinin, hedimasta ya sa hannu, ya tura, ya rubuta a littafinsa cewa an aika.

Ranar Laraba wani uba ya shigo yana faɗa, wai ba a sanar da shi taron iyaye ba. Aka duba wayarsa, sai ga sanarwar kwance a akwatin saƙonnin banza, wanda ake ce wa sifam, tsakanin tallan maganin sanƙo da na wani mai rabon gado. Nan take Akawu ya tuna wasiƙar Litinin.

Hedimasta ya kira ƙanwar matarsa, mai gyaran kwamfutocin ofisoshi, mace mai ƙarancin magana da tabarau a wuya. Ta zo ranar Alhamis, ta karɓe kujerar Akawu, abin da ba a taɓa yi ba.

"Baba Akawu, wa ya haɗa muku adireshin nan?"

"Wani ne, ya bar gari."

"Ya bar aikin rabi da rabi. Duk wasiƙar da ta fita, can inda za ta ana tambaya: wa ya ba wannan na'ura izinin aikawa da sunan makaranta? Ina sa hannunta? Naku ba izini, ba sa hannu. Kamar ka aika takarda ba hatimi."

Wannan ya shige shi sosai, har ya ji sanyi a ransa, tunda laifin na wanda ya bar gari ne. Ta yi ta danne-danne har azahar, ta gyara duka biyun, ta ce a bar shi ya kwana.

Da safiyar Juma'a suka gwada. Suka tura wa wayarta, ta faɗa shara. Suka tura wa hedimasta, shara. Ta cire tabarau ta goge, ta ce masa ya tura wa kansa, ya buɗe ta gani. Ya buɗe nasa akwatin, fes, ba saƙo ko ɗaya. Sai ga wani sabon saƙo daga wata makaranta ya shigo a lokacin. Ya karanta, hannunsa ya tafi da kansa ya danna wani maɓalli, saƙon ya ɓace.

"Tsaya, Baba. Me ka danna?"

"Na shara mana. Ya fi na gogewa, ba ya tambayarka ko ka tabbata, kuma bayan wata guda shi ke kwashe kansa."

"Saƙonnin makaranta ma haka kake musu?"

"In na ga sun iso, me zan ajiye su in yi? Ai ni na koya wa malamai ma. A da akwatunansu kamar juji suke."

Ta juyo da kujera ta fuskance shi. Sannan ta yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa babba. Wannan maɓalli ba na share ɗaki ba ne, na kai ƙara ne. Duk dannawa ɗaya, ana gaya wa kamfanin cewa wannan mai aikowa ɗan damfara ne. Mutum goma sha biyar, kusan kullum, shekara biyu, suna kai ƙarar makarantarsu da hannunsu. Babban adireshi mai tura dubbai ba zai ji komai ba, amma ƙaramar makaranta da ba ta tura saƙo talatin a rana, wannan ya isa ya ɓata mata suna. Hukumar kuma a wannan kamfanin take karɓar wasiƙunta.

"To a janye ƙarar," in ji Akawu.

"Za a janye. Kowa ya shiga ya ce ba shara ba ce. Amma suna ba ya gyaruwa yau, sai an yi makonni."

Ya bi malamai aji aji yana karɓar wayoyinsu. Ya sake tura wasiƙar sau uku. Ya buga lambar hukumar har ya haddace ta, ba wanda ya ɗauka. Ƙarfe huɗu ta same shi da kan waya a kunne.

Bayan mako biyu sunaye suka fito. A gaban sunan yarinyar an rubuta cewa takardunta ba su cika ba.

Mai ɗinki ta zo ofis da zare maƙale a gefen mayafinta. Ba faɗa ta zo yi ba. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta zauna a bencin baƙi.

"Malam, sun ce ba su ga wasiƙar makaranta ba. Na ce musu ba dai Malam Akawu ba. An aika, ko?"

Littafin yana gabansa, da kwanan wata da lokaci, da rubutunsa mai kyau. In ya juya mata shi ta gani, ba ƙarya ya yi ba, za ta tashi ta tafi tana zagin hukuma. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara aiki. Ya rufe littafin, ya faɗa mata komai, har da yadda ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya yana koya musu.

Ba ta fahimci rabin bayanin ba, amma ta fahimci wanda ya yi. Ta shiga murza zaren a yatsunta.

"Yarinyar tana gida," ta ce. "Tun jiya take cewa kuskure ne, Malam zai gyara. Ni ban san da wane baki zan gaya mata ba."

Akawu ya kashe fanka, ya ɗauki hularsa.

"Mu je," ya ce. "Ni zan faɗa mata."