Mushen Janareto a Sabon Kwali

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, iyalina kuma sun sha kunyar da ta ishe su, don haka ku bar ni a haka. Abin da nake so ku sani, samari, shi ne ban taso da halin ɓera ba. Ni ɗan manoma ne daga Wanke. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai Inna ta kawo ni Gusau ta damƙa ni a hannun wani makanike, Malam Isiya, mai gyaran injin ban-ruwa da janareto a bayan tasha. Mutum ne mai faɗa, amma ko ƙusa mai inji ya manta a rumfarsa sai ya aika masa da ita. A hannunsa na iya aiki har ya yaye ni. Na kafa tawa rumfar, na yi aure, na samu ɗa, ina sallah a sahun gaba.

Lokacin nan ƙarshen mulkin soja ne. Wuta ba ta zama, fetur kuma sai an kwana a layi ko a saya a galan wajen 'yan bumburutu. Sai ƙananan janareto masu arha suka cika kasuwa, kowa yana son ya saya ya huta da duhu. Kaya ne na banza, wallahi. Ka ja igiya har kafaɗarka ta sage bai tashi ba. In ya ga dama ya tashi, sai tari da hayaƙi, ƙwan fitila ya yi haske kamar zai fashe, can kuma ya koma ja kamar garwashi. Na ga wanda ya ƙona wa mai shi talabijin a makon da aka saye shi. Kafin damina ta zagayo, rabinsu sun dawo rumfunanmu a bayan mashin.

Da filogi na fara, ɗan abin nan mai ba da tartsatsin da ke tayar da inji. Wani mai aski ya kawo injinsa, na wanke tsohon filoginsa da fetur, na kankare shi, na mayar, na ce sabo na saka. Ya biya, ya yi godiya. Na jira gabana ya faɗi, bai faɗi ba. Daga nan na shiga kwayil, naɗin wayar da ke haifar da wuta. In aka kawo wanda ya ƙone, sai in warware jar wayar da ke ciki in sayar, in naɗa farar waya mai arha wadda ba ta jure zafi. Injin zai yi aiki 'yan kwanaki ya sake mutuwa, mai shi ya sake dawowa wurina. Abin da ya ƙarasa lalata ni ke nan: kowa ya san injinan ba su da kirki, saboda haka duk cutar da na yi, injin ake zagi, ko a zagi mai sayar da fetur. Ni kuwa sai sannu da aiki.

Ana haka wani dillali ɗan Tsafe, Sale, ya fara zama a bencina. Wata rana ya dubi matattun injinan da na jibge a bayan rumfa ya ce, "Malam, arziki ne kake bari rana tana ci. Kai ka tashe su, ni in kawo kwali." Muka shirya. Ni ne mai haɗa kan wannan da gindin wancan, in zuba baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara, in fesa jan fenti. Shi kuma ya kawo sababbin kwalaye da leda da tambarin kamfanonin waje na liƙawa. Ran kasuwa mu ɗora a mota, yau Tsafe, gobe Bungudu, mu ce sabon kaya ne daga Legas. Wani lokaci Sale ya zo da injin da bai mutu ba, ya ce in yi sauri in sauya masa launi. Ban taɓa tambayarsa inda ya samo ba, don na san amsar.

Malam Isiya ya biyo ta rumfata sau ɗaya. Ya shaƙi warin fenti, ya dubi kwalayen, ya dube ni. Ya ce, "Aikin ga, ba a rumfata ka koye shi ba." Ya tofar da yawu ya tafi. Na ce wa Sale hassada ce irin ta tsofaffi, muka yi dariya.

Ana saura kaɗan a kama azumi wani tela daga Bungudu ya zo, sunansa Malam Hamisu. Dattijo ne siriri mai sanyin magana. Ya samu keken aikin wuyan riga mai amfani da wuta, yana son ya ci kasuwar Sallah, sai ya sayar da bijimin da yake huɗa da shi don ya sayi janareto. Wanda na nuna masa kuwa tankinsa ya tsage ta ƙasa. Sabulu na murje na toshe tsagar da shi, na bi da fenti. Ya shafa kwalin ya ce, "Malam, ni ban san kan inji ba. Tsakaninka da Allah, sabo ne?" Na ce, "Baba, wallahi ko tayar da shi ba a taɓa yi ba sai yau." Ya ce to ya yarda, tunda na ambaci Allah.

Bai yi mako ba ya dawo, injin ya ƙi tashi. Na busa kafireto, mahaɗar fetur da iska, na ce datti ne. Ya sake dawowa, wuta tana hawa tana sauka, keken yana fizga yana tsinka zare. Na ce kaya ya yi masa yawa, ya rage ƙwan fitila. Dawowarsa ta uku da azumi a bakinsa, ya sauko daga mota leɓɓansa sun bushe. Ya ce, "Malam, injin ga warin fetur yake, har ƙasan da yake zaune tana jiƙewa." Na san sabulun ne ya saki. Akwai tanki mai kyau rataye a rumfata, aikin da ba zai kai a sha ruwa ba. Amma in na kwance nasa a gabansa zai ga tsatsar da ke ƙarƙashin fentin. Sai na goge gindin tankin da tsumma, na faki idonsa na ƙara dannan sabulu, na ce, "Man 'yan bumburutu ne, Baba, shi ke wannan warin. Ka sauya wurin saye."

Kun san abin da mutumin nan ya yi? Haƙuri ya ba ni, wai ya dame ni da zirga-zirga. Sannan ya zaro 'yar riga daga leda, ya ce ya ga yarona a rumfa ran nan, ya ɗinka masa ta Sallah da guntun shaddar da ya rage. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi masa addu'a. Har yau ina jin muryata tana wannan addu'ar.

A goman ƙarshe na azumi, bayan la'asar, fetur ya ɗiga a kan salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi. Injin yana bakin ƙofar shagon, shagon kuma cike da shadda da atamfar mutane har rufi. Malam Hamisu ya riga ya fito da ransa. Sai ya koma ciki don ya kwaso kayan mutane, wai amana ce. Maƙwabta ne suka jawo shi waje, hannuwansa biyu suna ci da wuta.

Washegari a kasuwar Tsafe na ji labarin daga bakin wani direba. Ina so ku ji abin da ya fara zuwa raina, don ku san inda mutum yake kaiwa. Ban tambayi ko yana da rai ba. Cewa na yi a zuci, Allah ya sa injin ya ƙone ƙurmus, kada a gane komai. Da azumi a bakina na roƙi wannan.

Bai ƙone ƙurmus ba. Wutar ta cinye fentin kawai, ta bar ƙarfen tsirara, sai ga sunan wani masallaci na garin Bilbis da aka rubuta da walda a jikin firam ɗin. Ashe a can aka sace shi tun bara. Ƙanen telan ya kai maganar wurin 'yan sanda. Da yake an daɗe ana zargin Sale da satar injina a can, shi aka fara kamawa, kafin a gama tambayarsa ya kawo su rumfata. Suka tarar da kwalaye da tambura da gwangwanayen fenti. Aka fito da ni da ankwa da rana tsaka, masu shayi da 'yan acaba da duk waɗanda na taɓa gyara wa inji suna kallo. Mai askin nan na farko yana cikinsu. Bai zage ni ba, kai kawai yake girgizawa.

A kotu ni da Sale muka yi ta jifan juna da laifi kamar karnuka a kan mushe. Inna ta zo daga Wanke ta zauna a baya. Da aka ɗaga 'yar rigar nan a matsayin shaida cewa telan ya yi ta dawowa wurina, sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta tashi ta fita. Alƙali ya ɗaure ni shekaru. Matata ta koma gidansu da yaron.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin gidan yari ba, ƙazantarsa da warinsa sun fi ƙarfin baki. Magana ɗaya ce ta fi duka cizona. Muna ɗaki ɗaya da wani ɓarawon awaki, ina ganin na fi shi daraja tunda ni mai sana'a ne. Da ya ji labarina sai ya janye tabarmarsa daga kusa da tawa. Ya ce, "Ni in na saci akuya, mai ita ya san an yi mai sata, ya tsine mini ya huce. Kai ko sai ka cuci mutum, ka sa ya yi maka godiya." Daga ranar na daina cewa ƙaddara ce ta kawo ni. Na fara sallah irin wadda ba don mutane su gani ba, na yi ta neman gafara, ban san ko za a karɓa ba.

Ina ciki Inna ta rasu, ban samu jana'izarta ba. Da aka sake ni, kafin in je ko'ina sai na hau motar Bungudu. Na tarar da Malam Hamisu zaune a ƙofar gidansa a kan buzu. Ya daina ɗinki. Yatsunsa sun manne da juna sun lanƙwashe, fatar ta yi fari-fari tana sheƙi. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Ya ce ya gane ni tun daga nesa. Sannan ya ce, "Abu guda nake son sani. Ran da na zo maka da maganar warin fetur, ka san tankin ya fashe?" Na ce, "Na sani, Baba." Ya ce, "Kuma kana da wani tankin?" Na ce, "Ina da shi."

Can ya ce, "Na yafe maka, don ina son Allah ya yafe mini nawa." Daɗi ya kama ni, na miƙa masa hannu mu gaisa. Ya dubi hannuna, ya dubi nasa, ya ce, "Mayar da abinka. Ba ni da na karɓa." A lokacin 'yarsa ta fito da kwanon fura, ta tsuguna, ta ɗaga ludayi tana ba shi a baki. Ban iya tsayawa ba. Na zaga bayan katanga na yi amai.

Yau ina noma 'yar gonar mahaifina a Wanke, in an kawo mini inji in gyara. Wanda ya mutu nakan ce wa mai shi ya mutu. In mutum ya tambaye ni ko ya sayi irin masu arhar nan, nakan ce masa ya san abin da yake saye, ya ajiye shi nesa da ɗaki, in kuma ya ji warin fetur ya kashe shi nan take, ko wa ya ce masa ba komai.

Ku kuma samari masu koyon sana'a, ku ji ni da kyau. Ba wanda ya taɓa kama ni a kan filogi, shi ya sa na kai ga tanki. In kaya ya zo muku a lalace daga inda aka ƙera shi, kada ku laɓe a bayansa ku ƙara taku cutar. Duk wanda ya ce muku "ban san kan abin nan ba, na yarda da kai," ku ji tsoron wannan maganar fiye da ɗan sanda. Ni na gama zaman da alƙali ya yanke mini, na fito ina cin tuwo da hannuna. Malam Hamisu kuwa har gobe sai an ba shi a baki.