Harsashin da Ya Rage a Ranar Suna

Har yau in na tuna ranar sunan 'yata ta uku a Cadawa, raina sai ya ɓaci. Ƙanena jandarma ne, jami'in tsaro, daga aiki ya biyo. Da zai yi alwala, sai ya zare ƙaramar bindigarsa, ya cire gidan harsashi ya sa aljihu, ya danna ɗan makullin da ke hana ta tashi, ya aje ta bisa turmi.

Taubashiyarsa, 'yar kawunmu, ta saba sace masa hula ko takalmi sai ya fansa da goro. Ran nan bindigar ta sura. Ta auna ƙirjinsa tana dariya.

"Bawana, ina gorona? Ko in aika ka lahira?"

Mata suka sa guɗa. Ni ina kallon yatsarta bisa kunamar bindigar, babban yatsan kuma yana wasa da makullin nan.

Ƙanena bai yi dariya ba. Ya ce, "Uwar ɗakina, juya bakinta ƙasa." Ya karɓa a hankali, ya ja samanta baya. Harsashi ɗaya ya faɗo a tabarmar da jaririyata take kwance. Ashe cire gidan harsashi ba ya fidda wanda ya riga ya hau.

Mutane suka ce ai Allah ya tsare. Ya tsare, alhamdulillahi, amma shi ƙanena da aka koya masa aikin bindiga fa? Na zage shi gaban surukaina, ni da ban iya tsawata wa kaza ba. Na ce in da bindiga zai zo, kada ya sake tako gidana.