Buzun Kanki Mai Huda Biyu

Sati uku takardar nan tana cikin wayata na kasa gama cike ta. Na rubuta sunana, na rubuta lambar fasfo, na rubuta cewa ba na cin alade. Layi ɗaya ya rage, inda mai gandun farautar, can kudancin Afirka, yake tambayar wacce zai ajiye mini cikin bindigoginsa. Lambobi huɗu ya jera: .243, .308, .300 da .375. Ni kuwa mai gyaran mukayyif ne a Makka, na'urar sanyaya ɗaki, shekarata arba'in da bakwai, ko kaza ban taɓa yankawa ba.

Buzu ne ya jefa ni cikin wannan hali.

Kakana maharbi ne daga dajin ƙasar Bauci. A ƙasa ya taho aikin hajji, a hanya aka haifi Baba, kuma bai koma ba. Abin da ya iso da shi daga gida buzu ne na fatar kanki, wata dabbar dawa ja mai doguwar fuska, wadda ta kusa jaki girma. Shi ya harbe ta da bindigar toka, shi ya jeme fatar. Da ya rasu Baba ya gaje shi. Tun tasowata a kansa nake ganin Baba yana nafila a gida. Gashin ya zube a gurbin gwiwa da na goshi, kuma akwai wata huda a dama wadda yatsan Baba yake faɗawa ciki duk sujada. Da idonsa ya tafi, da hudar nan yake gane ya shimfiɗa buzun daidai.

Ni na ɓatar da shi. Lokacin da aka zo rushe tsohuwar unguwarmu, ni na kwashe kayan gida zuwa unguwar Ka'akiyya. Rana ta buɗe, mai mota yana ta matsa mini hon, na ga wani tsohon ƙunshi a bayan ƙofa na ɗauka tsummokara ne, na bar shi. Yayata ce ta naɗe buzun a ciki don kada ƙura ta taɓa shi. Kafin in koma, gidan ya zama tudun duwatsu. Kwana biyu ina tona da hannu har ma'aikata suka kore ni.

Baba bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi, "Ɗayyib," wato "to" da Larabci, ya juyar da fuska bango. Daga ranar in na gaishe shi zai amsa, shi ke nan. Na kawo darduma mai laushi daga kasuwar unguwar Shisha, ya shafa ta ya ture. Na kawo buzun rago, ya sansana ya ture. Tsoho mai shekara tamanin da 'yan kai ya koma yin salla a kan tayil, gwiwarsa tana ƙara in ya durƙusa. Yaya ta yi kuka, ta roƙe shi. Amsar da ya ba ta, ina tsaye a bakin ƙofa, ita ce, "A gidanmu ba a sayen buzu. Hannun gida ne yake kawo shi."

Bayan wata biyu likita ya kira mu gefe ya ce zuciyar Baba ta gaji, mu bi shi a hankali. A motar komawa gida na ce wa Yaya zan je in harbo kanki.

"Kai?" ta ce. "Kai da kyankyaso ke kora daga banɗaki?"

Ban ji haushi ba, don gaskiya ta faɗa. Wanda ya tashi a cikin Harami bai san farauta ba. A nan ba a kashe tantabara, ba a ko firgita ta. Ina yaro na taɓa jifan wata da takalmi, ban ma same ta ba, Baba ya sa na yi sati ina kai musu ruwa da hatsi a kan soro. Mu haka muka taso, in tsuntsu ya sauka a hanya mu ne masu kaucewa. Yau ga ni ina bincike a waya ina neman ƙasar da ake barin baƙo ya harbi kanki da izini, a jeme masa fatar a aiko masa. Na samu. Mai gandun ya ba ni kwana biyar a ƙarshen lokacin farautarsu, ya ce in na wuce wannan sai baɗi. Baɗi kuwa ban san ko akwai Baba ba.

Da na dubi lambobin nan sai na ce mafi girma zan ɗauka. Dalilina a fili yake: ba na son dabbar ta wahala. Abin da ya fi tsorata ni shi ne in harbe ta ta gudu da rauni, ta je ta mutu a wani lungu, ta zama mushe, ni in dawo da alhaki ba fata. Na ce babban harsashi zai gama komai nan take. Har na ji ina yaba wa kaina da tausayi.

Akwai wani filin koyon harbi a hanyar Jidda, can bayan an fita iyakar Harami. Mai koyarwa a wurin ɗan tsohuwar unguwarmu ne, tsohon soja, ya girme ni kaɗan. Da na faɗa masa abin da nake so sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Ya akhi, ɓauna za ka harba ko giwa?"

"Kanki."

"To me za ka yi da uku-bakwai-biyar?"

Na ce ita nake so. Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo mini. Na zauna, na kafa gindin bindigar a kafaɗa yadda ya nuna, na auna takardar da aka kafa don harbi, na ja kunama. Wallahi na ɗauka wani ne ya zo ta gaba ya naushe ni. Haƙorana suka haɗu, madubin bindigar ya kusa tsaga mini gira. Na yi harbi shida a ranar, biyu kawai suka taɓa takardar, su ma a gefe. Na dawo gida kafaɗata ta yi baƙi ƙirin kamar ƙasan tukunya.

Na koma bayan kwana uku, na sake komawa. Abin ƙara lalacewa yake yi. A zuwa na huɗu ya karɓi bindigar ya juya mini baya kamar yana ɗura harsashi, ya miƙo. Na auna, na ja kunama. Ƙas! Ba komai a ciki. Amma ni na riga na runtse ido, na ɗage kafaɗa, bakin bindigar ya nufi ƙasa. Ba harbi, ba ƙara, ni kaɗai nake tsalle a kan kujera.

"Ka gani?" ya ce. "Tsoronta kake ji, tun kafin ta tashi ka gudu. Wanda ya rufe ido a ciki yake samun dabba, ko a ƙafa. Wahalar da kake gudar mata, da hannunka za ka ba ta."

Na ce to a ba ni ƙaramar, .243, wadda ba ta duka. Ya ce wannan ta barewa ce, kanki yana da ƙashi da taurin rai, ɗan koyo kamar ni in ya kauce da faɗin tafi ɗaya dabbar ta tafi ke nan. Na tambayi mai gandun a waya, shi ma haka ya ce. Na tambayi .300, aka ce ita ma tana duka, kuma a kusa takan yaga fata. Ya rage .308, wadda tsohon sojan yake ta nuna mini tun ranar farko. Ni kuwa na kafe a kan cewa ba za ta isa ba. Na karanta maganganun maharba a waya har idona ya yi ja, wannan ya ce ta isa, wancan ya ce ya taɓa bin jini yini guda saboda ita. Kowa da gaskiyarsa, ba wanda mahaifinsa yake salla a kan tayil.

A satin nan na lalata aikin mutane biyu. Na hau bango ina kwance mukayyif na manta ban kashe wuta ba. Abinci ba ya shiga. Mai gandun ya aiko saƙo cewa nan da jibi in ban zaɓa ba zai ba wani kwanakin. Na zauna a mota a ƙofar gida, na kifa kai a sitiyari na ce, ya Allah, hannun da ya bar buzun nan shi ne kuma zai kasa kawo wani?

Duk fushin Baba, abu ɗaya bai daina ba. In za shi masallacin unguwa sallar la'asar, kafaɗata ta dama yake dafawa, ni a gaba shi a baya, ba mai cewa uffan. Tun da na fara harbi nake dabara ina ba shi ta hagu. Ranar nan hankalina ba ya jikina, na manta. Da muka zo ɗan matakalar bakin titi ya danna da nauyinsa, na saki ƙara ban shirya ba.

Ya tsaya. Bai ɗauke hannun ba, sai ya bi wurin da yatsu a hankali, daga wuya zuwa hammata.

"Wannan ba faɗuwa ba ce," ya ce. "Na san wannan kumburin. A kafaɗar babana na san shi."

Nan a bakin titi, motoci suna wucewa, na faɗa masa komai. Gandun, kankin, lambobin huɗu, da yadda nake runtse ido. Na ce, "Baba, so nake in kawo maka mai huda ɗaya irin na Kaka, harbi ɗaya, amma na kasa. Babbar ta fi ƙarfina, ƙaramar ba ta isa ba."

Ladan ya fara tayar da iƙama.

"Wa ya ce maka huda ɗaya ce?" in ji Baba. "Uku ne, ya waladi. Kakarka ta ɗinke biyu, ta baya, ba ka taɓa juya shi ba ne. Kakanka ya cika wa bindigar albarushi don yana son ya gama da wuri, ta jefar da shi, ya sami dabbar a cinya. Daga hantsi har faɗuwar rana yana bin jininta. Ya ce mini kukan da ta yi shi ya sa ya ajiye bindiga ya kamo hanyar Makka. A kan fatarta ya yi ta salla yana neman gafara." Ya ɗan matsa kafaɗar, a hankali wannan karon. "Ɗauki wadda za ka iya kallo. Halas. Mu je, za mu rasa raka'a."

Wata da watanni rabon da ya haɗa mini jimla uku a jere. Ana sallamewa, tun ban sa takalmi ba, na fito da waya na zaɓi .308.

Sauran kwanakin duk a filin nan na yi su. Tsohon sojan yana cakuɗa mini harsashi da wofi, ban san wanne zai tashi ba, har jikina ya gaji da tsalle. Ranar da na ga hudar ta bayyana a takarda da idona, ta cikin madubi, na san na daina rufewa.

Tafiyar kanta ba ta da dogon labari. Sanyi, ciyawa fara, tafiyar ƙasa har ƙafata ta yi bororo. A rana ta huɗu muka sami wani tsohon namijin kanki shi kaɗai a gindin tudu. Na yi bismilla, na ajiye saitin bayan kafaɗarsa, na ja ina kallo. Ya yi taku kamar goma ya faɗi. Na ruga da wuƙa na same shi da sauran motsi na yanka. Da aka feɗe sai na ga harsashin ya shiga ta nan ya fita ta can. Huda biyu. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban san na dabbar ba ne ko na fatar.

Na dawo hannu wofi, don jima da takardun fitar da fata sai sun ci watanni. Na sami Baba ya rame, yana zaune a bakin gado. Na durƙusa na gaishe shi.

"Harbi nawa?"

"Ɗaya, Baba. Amma huda biyu, ya fita ta ɗaya gefen."

"Idonka?"

"A buɗe."

Ya gyaɗa kai. Ya lalubo kafaɗata ya taɓa, ya ji ba kumburi. Sai ya ce, "Ina dardumar nan taka ta Shisha? Shimfiɗa mini ita kafin ya iso. Tayil ɗin nan ya ishe ni."

Yaya ta fita daga ɗakin da sauri tana rufe baki da mayafi. Na ɗauko dardumar daga saman kwaba, har yanzu tana cikin ledarta, na shimfiɗa, na kama hannunsa na nuna masa gabanta.

A kanta ya yi sallolinsa na wata biyu da suka rage masa. Buzun ya iso bayan mun binne shi, a cikin kwali, gashinsa ja yana ƙyalli. Yaya ta ce bari ta ɗinke huda ɗaya kamar yadda Kaka ta yi, na ce ta bar su. Yana nan naɗe a kan gadon Baba. Ni a kan dardumar nake salla.